Ranar da Mijinyawa Ya Ƙi Sauka

Tun farko Yelwa ba ta so aikin nan ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta faɗa a tsakar gida, ta faɗa a wurin ɗiban ruwa, babu wanda bai ji ba a lungunsu na Ƙofar Ran. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, wai yau shi ne zai je ya zauna a motar da ba zai bi ba.

Mijinta, Malam Mijinyawa, ma'aikacin reluwe ne. Ba a daɗe da shimfiɗo dogo zuwa Bauchi ba ya shiga, yana saurayi ko gemu babu. Shi ne na taragon ƙarshe, mai koriyar tuta da ja, da usur rataye a wuya. Direba yana can gaba da ƙaton injinsa, amma ba zai motsa ba sai Mijinyawa ya leƙa ya ga kowa ya hau, ya hura. A taragonsa ake jibge buhunan gidan waya, na Gombe daban, na Maiduguri daban, kowanne sai ya miƙa shi hannu da hannu. Marar lafiya, tsohuwa, har akuyar da aka aika wa suruki, duk abin da ba shi da ɗan rakiya shi ake damƙa wa.

Sai jirgi ya fara yin nauyin ƙafa. Da can ba a rasa jin kukansa a gari, ya koma jefi-jefi, daga nan sai dai a ji labari. Babu wanda ya fito ya yi wa mutane bayani, har yau ɗin nan. Ciyawa ta rufe dogo, awaki suka samu makwanci, mata suka shiga shanya barkono a dandamalin tasha. Aka tara su Mijinyawa aka ce an gode, kowa ya je ya huta. Hutu! Mutum da ƙafarsa da idonsa ka ce ya je ya huta, ai gara ka fito fili ka ce ya je ya jira likkafani.

Ya zauna a gida ya zame mata ciwon kai. Ya kwance rediyo ya kasa mayarwa. Ya yi faɗa da kaji. Da yamma sai ya taka har tsohuwar tasha ya tsaya yana kallon ƙarfe, ya dawo gida. Tuwo kuwa loma biyu ya ture kwano. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, Yelwa tana kallo, tana zagin mutanen da ba ta san sunansu ba.

Obadiya ne ya fitar da shi. Mutumin Bogoro ne, abokin aikinsa tun na da, shi ke juya wa jirgi hanya in ya shigo tasha. Shi ma hutun ya ishe shi, har ya samo abin yi a wata 'yar tashar mota da ke bayan kasuwar Wunti, inda Fijo ke lodin Potiskum.

Ga yadda aikin yake. Matafiyi ba ya son shiga motar da babu kowa, don ya san wuni zai yi, sai ya wuce abinsa bakin titi. To shugaban tashar, wani Ɗanlarai, sai ya samo dattawa masu kamala ya riƙa zaunar da su a mota, kowa da jakarsa a cinya. Matafiyi ya leƙo ya ga saura kaɗan a cika, ya shiga. Da an samu fasinja na gaskiya sai ɗan kamasho ya buga rufin mota, ɗaya daga cikin dattawan ya ce bari ya kama ruwa, ya fita. Ba zai dawo ba. Zagayawa zai yi ya jira motar da ke biye. Sharaɗin aikin bai wuce biyu ba: ba ka faɗa wa kowa, kuma in an buga rufi ka sauka.

"Wannan ai yaudara ce, Malam," in ji Yelwa.

"Ni ban ce wa kowa tafiya zan yi ba. Zama na yi."

"Da jaka a cinya?"

"Jakata ce."

"Me ke ciki?"

Ya sosa ƙeya. "Tsofaffin zannuwanki."

"Au, har da kayana ake cutar bayin Allah!"

Ta yi mita iya mita. Amma ga mutum yana tashi da sassafe, ya yi wanka, ya goge takalmi, ya kafa hula, ya fita da saurinsa kamar jirgi zai bar shi. Ya dawo da labarai cike da baki, ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Sai Yelwa ta yi shiru, kuma duk wanda ya san Yelwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ana nan, wata rana la'asar ta yi bai dawo ba. Rana ta yi ja, shiru. Sai ga sallamar Obadiya a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Ta ja mayafi ta fito.

"Maman Hamsatu, kar ki ta da hankalinki."

"Ka riga ka ta da shi. Ina yake?"

"Mota ta tafi da shi."

"Ta tafi da shi ina? Buhu ne shi?"

"An buga rufi, ya ƙi sauka. Na fita na zagayo ta tagarsa na yi masa tari, ko kallona bai yi ba. Direba ya gaji ya ja mota."

"Barci yake?"

"Idonsa biyu, ƙur."

Ba ta runtsa ba ranar. Washegari wajen azahar sai ga shi an sauke shi daga wata a-kori-kura mai ɗauke da wake, babbar rigarsa duk ƙaiƙayi. Ta buɗe baki za ta fara, ya ɗaga mata hannu. Ya watsa ruwa, ya sake riga, ya ɗauki jaka ya ce sai ya je ya yi wa shugaba bayani tukuna, haka ake yi a wurin aiki. Bai daɗe ba ya dawo. Ya rataye jakar a ƙusa, ya cire hula, ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Ta kawo abinci ta ajiye, bai taɓa ba. Ta zauna a bakin gado.

"Malam, ko ka faɗa min ko in je in tambayo a kasuwa. Ka zaɓa."

Ya san za ta iya. Ya yi magana fuskarsa na kallon bango.

"Wani magidanci ne ya kawo uwarsa. Tela ne a Wunti, ya bar shago ba kowa. An yi mata aikin ido, an naɗe mata ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani. Ya duba motar kaf, ya zo ya durƙusa ta wajena. Ya ce, Baba, ga mahaifiyata, don Allah in an kai Darazo ka sauke ta ka damƙa ta hannun ƙanwata, gidan na bayan maƙera. Ya kamo hannunta ya sa a nawa."

"Sai ka ce me?"

"Me zan ce? In na ce ni ba matafiyi ba ne, na tona asirin tasha. Na ce Allah ya kai mu lafiya."

"Shi kuma ya tafi."

"Ya tafi. Ita kuwa ba ta saki hannuna ba, tana ta ba ni labarin jikokinta. Aka buga rufi. Aka sake bugawa. Ɗan kamasho ya leƙo yana zare min ido. Yelwa, ta yaya zan zare hannuna?"

"Ka kai ta?"

"Har ɗakinta. Suka hana ni tahowa, a zaurensu na kwana."

Yelwa ta gyara zama. "To shi Ɗanlarai fa?"

"Ya ce na tsare wa mai kujera kujerarsa, mutumin ya wuni yana zagi. Ya ce tsufa ya fara taɓa min kai, in je gida in huta." Ya ja numfashi. "A gaban 'yan kamasho ya faɗa. Suka yi dariya."

Ta tashi ta ɗauke kwanon. Ta san wannan kwanciyar, ta taɓa ganinta, kuma ta san in ta bari ta yi tsawo wannan karon ba lalle ya tashi ba. Aikin banza ne, ta yarda. Amma shi ke fitar da shi daga ɗaki, kuma babu wani ƙaton da zai karɓe masa shi saboda ya riƙe hannun tsohuwa.

Da safe ta ce masa za ta je barka. Ta ɗaura zaninta na fita, ta yafa mayafi, ta bi ta lunguna a ƙafa har Wunti, 'yan acaɓa na yi mata oda tana harararsu.

Ta sami Ɗanlarai a rumfa ya baje a benci, kofin shayi a hannu, tumbi a gaba. Da ya gan ta ya gyara zama.

"A'a, Iya! Sannu da zuwa. Kai, ku ba Iya kujera."

"Bar kujerarka, ai da kujera kuke cin mutuncin mutane a nan. Ɗanlarai, ka san ni?"

"Haba Iya, wa bai san ki ba?"

"Ni ma na san ka. Na san ka tun kana dako a tashar jirgi, wando ɗaya, kana bin matafiya da gudu. Yau kai ne ka kalli Malam ka ce kansa ya taɓu?"

'Yan kamasho suka fara matsowa, don sun ga abin kallo. Ɗanlarai ya ajiye kofi.

"Iya, ki fahimce ni. Ni ma ba da son raina nake wannan tsari ba. Manyan motoci sun kwashe fasinja, 'yan bakin titi sun kwashe saura, in ban yi haka ba direbobina da yunwa za su kwana. Kuma aiki da ƙa'idarsa. In kowane dattijo zai ga dama ya bi mota, me zan gaya wa mai mota? Yau Darazo, gobe sai a nemo min shi a Damaturu."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Yelwa ta juya ta kalle shi har ya sunkuyar da kai, sannan ta dawo kan Ɗanlarai.

"Me ya sa ka ɗauke shi tun farko? Ga samari nan zaune ba aiki, me ya sa ba ka zuba su a motar ba?"

"Ai fasinja ba ya yarda da..."

"Faɗi mana. Ba ya yarda da fuskarsu. Ka je ka nemo mai fuskar amana ka zaunar, mutum ya zo ya ga fuskar ya ba shi amana, sai kuma ka ce ya ruɗe? Wa ya ruɗe a cikinku? Ka so ya zare hannunsa ya bar makauniya a mota ta wuce garinsu? In uwarka ce fa?"

"Iya, uwata ta rasu."

"Allah ya jiƙanta, ta huta da ganin wannan."

Wannan karon dariyar ba a kan Mijinyawa aka yi ta ba. Fuskar Ɗanlarai ta canza. Ya miƙe ya kira wani ɗan acaɓa.

"Kai, zo ka kai Iya gida. Iya, na ji, kuma na gama magana. Ki gaida Baba."

Yelwa ba ta ko kalli mashin ɗin ba. Ta juya ta nufi Fijon da ke lodi, ta buɗe ƙofa ta shige kujerar tsakiya ta zauna daram. A gefenta wata 'yar kasuwa ce, Bernadette, mai shagon kwanuka da robobi, an riga an ɗaure mata kayanta a bayan mota. A gidan gaba ga Abdulsalami, tsohon mai raba wasiƙu a keke, wanda gidan waya ya sallama shi ma. Can baya a lungu ga Obadiya, ya ga shigowarta ya maƙale kamar ya shige cikin kujera.

"A'a, Malam Abdulsalami!" Ta ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Tafiya za a yi?"

Ya waiwayo da ƙyar. "Eh... Potiskum, in Allah ya yarda."

"Ikon Allah! Jiya Potiskum, shekaranjiya Potiskum, kuma kullum magariba a masallacin unguwa take riskarka. Wannan mota ai ta fi jirgin sama. Yaya mutanen Potiskum ɗin? Sun san da zuwanka kuwa?"

"Hajiya, don Allah..."

"Ban je ba tukuna, kar ka ɗora min."

Bernadette ta kalli wannan ta kalli wancan. "Mama, me kike nufi? Ba tafiya zai yi ba?"

"'Yata, ce masa ya buɗe jakar nan ki gani. In kin sami ko buroshin goge baki a ciki, ni zan goya ki har Potiskum."

Bernadette ta miƙa hannu ta taɓa jakar, ta ji lakwas. Ta saki ihu. "Tun safe! Tun safe nake zaune, ana ce min saura mutum ɗaya! Kai, kwance min kayana! Kwance min yanzu!" Ta fice tana tafa hannu, wani mutum da ya sa ƙafa zai shiga ya janye ƙafarsa. Masu sayar da rake da masu shayi suka taru, dariya ta cika wurin. Abdulsalami ya buɗe ƙofa ya sulale, jakarsa a hammata, bai kalli kowa ba.

Yelwa ta juya baya, bakinta ya riga ya ɗauki zafi. "Sai kuma wancan na lungu..."

"Maman Hamsatu."

A hankali Obadiya ya faɗa, ita kaɗai ta ji. Ya riƙe jakarsa da hannu biyu.

"Ba ni na kore shi ba. In kika buɗe tawa, gobe ina zan je?"

Ta kalle shi. Rigarsa a goge take, karin guga har yana nan. Takalminsa na aikin reluwe ne, an ɗinke shi an sake ɗinkewa, amma ya sha baƙi yana ƙyalli. Shi ma wata ce ta tashi da sassafe ta shirya shi, kamar yadda take shirya nata. Matar Obadiya ma ta taɓa ganin irin waccan kwanciyar, ai tare suka yi kukan. Bernadette ta leƙo ta taga tana nuna shi, "Wannan fa, Mama? Shi ma?" Yelwa ta yi kamar ba ta ji ba. Ta dafa ƙofa ta sauko.

Sai ga Ɗanlarai ya ratso mutane da gudu, silifas ɗaya a ƙafa. Ya ja ta gefe, bayan wata matacciyar mota.

"Iya, kin kashe ni. Me kike so?"

Ita kuwa a ranta ta gama, ko za a yanka ta ba za ta sake shiga motar nan ba. Amma shi bai sani ba, kuma ba ta ga dalilin sanar da shi ba.

"Gobe ma ina nan. Jibi ma. Ba ni da aikin yi, an ce mu huta."

"Ya dawo! Wallahi ya dawo, ki ce masa ya zo gobe."

"Ni zan ce masa? Ni na kore shi? Da bakinka ka zubar da shi a gaban yaranka, da ƙafarka za ka je ka ɗauko shi. Har zaure. Kuma ka cire takalmi."

"Na ji."

"Kuma ban zo nan ba. Barka na je."

Ya dubi taron da ke bayansu, ya dube ta. "Iya, rabin Wunti na nan."

"Ban tambaye ka rabin Wunti ba. Kai dai kar ya fito daga bakinka. Sannan Abdulsalami, kar in ji an taɓa shi."

"Ai kin riga kin ƙona shi, kowa ya ga fuskarsa."

"Fasinjan gobe bai gan shi ba."

Ɗanlarai ya share zufa da hularsa. "Baba yana ƙoƙari," ya ce, kamar da kansa yake.

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya ƙara girma."

Ta koma gida ta tarar da shi yadda ta bar shi. Ya tambayi mai jego, ta ce lafiya lau, jariri kamar ubansa. Ta shiga hidimarta, kunnenta na zaure.

Bayan la'asar aka yi sallama. Ta ji an kashe mashin, ta ji an ajiye takalmi a bakin ƙofa. Ta je ta ce wa Malam ana sallama da shi. Ya ce a ce ba ya jin daɗi. Ta ce ita ba 'yar aike ba ce, ta miƙa masa hula. Ya fita yana jan ƙafa. Ita kuma ta ɗauki tsintsiya ta je tana sharar wurin da ta riga ta share, daidai bangon zaure.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ɗanlarai ya tambayi gida, ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi Hamsatu da yaranta. Da ya rasa abin tambaya sai ya yi gyaran murya.

"Baba, na yi kuskure jiya. Raina ne ya ɓaci, bakina ya wuce gona..." Ya katse. "Ka yafe min. Tasha ba daɗi ba ka nan. Gobe muna jiranka."

Yelwa ta daina shara, ta kasa kunne.

"Na yafe," in ji Mijinyawa. "Amma in faɗa maka gaskiya tun yanzu, kar mu sake ɓatawa. In aka sake sa min hannun wani a nawa, ba zan sauka ba."

"Baba, ba za ka iya yin kamar kana barci ba? In ka ga an nufo ka da tsohuwa, ka rufe ido."

"Ban iya ba."

"Ko a mayar da kai can lungun baya, inda ba a ganinka sosai?"

"Obadiya ne a lungu. Kuma in ba a ganina, me na zo yi?"

Ɗanlarai ya yi ajiyar zuciya da har Yelwa ta ji ta cikin bango.

"To. In an ba ka, ka kai. Sai dai ku matsu da na gidan gaba, kar a sake barin mai kujera a ƙasa. Kuma ka dawo a motarmu, ba a kan wake ba, ana cewa tasharmu ta yar da dattijo a hanya."

"Wannan mai sauƙi ne."

"Allah ya sa kar ya wuce Darazo."

"Inda aka ce dai," in ji Mijinyawa.

Da mashin ya tashi, Yelwa ta yi wuf ta koma bakin murhu ta kama hura wutar da ke ci da kanta. Ya shigo ya tsaya a tsakar gida, hannu a baya, yana kallonta.

"Ɗanlarai ne."

"Wane Ɗanlarai?"

"Ya ce in koma."

"To, Allah ya sa alheri. Ni dai ka san ra'ayina a kan aikin nan."

"Na sani." Ya ɗan taka ya dawo. "Ɗazu da kika tafi barka, matar maƙwabci ta leƙo neman rariya. Ta ce wai wata tsohuwa ta je Wunti ta hargitsa tasha. Har da shiga mota."

"Tsofaffin yanzu ba su da kunya."

"Haka na ce mata." Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Sai kuma fuskarsa ta nutsu. "An ce Abdulsalami ko gida bai koma ba, yana can masallaci zaune. Obadiya kuma da ƙyar ya iya saukowa daga motar."

Yelwa ta ajiye mafici.

"Ban taɓa Obadiya ba."

"Kin tsorata shi."

"To me kake so in yi? In je in durƙusa musu?"

"Ni ban ce ba. Na dai san dukansu biyu suna son masa. Mai zafi, da miyar taushe."

"Ni zan yi wa ƙartin da ke zama a motar ƙarya masa? Da wane ƙarfin? Ka san awa nawa ake yi a bakin tanda?"

Ya wuce ɗaki. Ta bi bayansa da harara, ta ci gaba da faɗa ita kaɗai, da Ɗanlarai, da masu mota, da waɗanda suka bar dogo ya mutu ba su ce wa kowa komai ba. Tana faɗan ta jawo ƙwarya, ta buɗe buhun shinkafa ta auna ta mutum biyu. Ta tsaya, ta yi tsaki, ta ƙara ta matar Obadiya, ta zuba ruwa.